Dutsen da Mashi Ba Ya Tsayawa

A zamanin da, tun ba a sare dajin yamma ba, an yi wani maharbi mai suna Anaruwa. Yana zaune da danginsa a gindin wani dutse da aradu ta mayar gidanta. Duk saukar da ta yi a kan dutsen, sai Anaruwa ya jefa tsakuwa a gora, kuma akwai daminar da ya zube goran ya tarar da tsakuwa talatin da ɗaya. A kan dutsen nan ta kashe ubansa yana saɓe da mashi. Tun ranar ya lura da halinta: ba ruwanta da mai gaskiya ko maƙaryaci, abin da ya fi tsayi take nema.

Wata rana, da damina tsaka, mahara suka faɗo musu. Shugabansu Dagazau ne, mutumin da ko dariyarsa tsoro take ba yara. Suka ƙone rumbuna, suka yanka tsofaffi a bakin ƙofa, suka ɗaure mutum goma sha ɗaya, har da Tanoma, ƙanwar Anaruwa, wadda ita kaɗai ta rage masa a duniya. Shi kuma suka sa masa wuƙa a wuya, wai ya kai su inda za su riƙa hango masu biyo sawu.

Ya kai su kan dutsen, hadari na haɗuwa daga gabas. Aka bar kamammu a wani kwazazzabo, mahara suka kafa masunsu a tsaye suka zauna a tsakiya. Al'adarsu ce: mashi ba ya kwanciya sai mai shi ya mutu. Anaruwa ya san da haka, shi ya sa ya kawo su. Abin da bai lissafa ba shi ne Dagazau zai jawo Tanoma ya ɗaure igiyarta a jikin nasa mashin.

Anaruwa ya matso gaban Dagazau. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ku kwantar da masun nan. Dutsen nan ba ya son ƙarfe a tsaye."

Dagazau ya ce, "Mu kake kira gawa?" Ya zare wuƙa ya fille masa kunnen hagu, mahara na ta shewa.

Jini na bin wuyansa Anaruwa ya ji gashin jikinsa ya miƙe, ya ji kawunan masun sun fara wani irin zuza kamar ƙudan zuma. Bai ƙara roƙon kowa ba. Ya ja ciki ya kama igiyar da haƙori, ya tsinke ta, ya hankaɗa Tanoma ta gangara ƙasa.

Sai sama ta tsage. Mutum arba'in ba ɗaya suka ƙone a zaune, Dagazau kuwa an same shi wuƙarsa ta narke a tafinsa. Tanoma ce ta hau ta jawo wanta, hannunsa ɗaya ya soye, kunnuwansa sun toshe har abada.

Waɗanda suka tsira suka sake gini nesa da dutsen, a kwari, suka sa wa garin suna Kwantamashi. Har yau in hadari ya taso, manomin garin yakan kwantar da fartanyarsa a kunyar gona ya bar gindin itace, duk mai dariya ya yi ta yi. Maroƙa kuma suna cewa, "Anaruwa na Tanoma, mai kai maza inda ba a saukowa!" Shekara talatin ana yi masa wannan kirari a gabansa, bai taɓa jin ko kalma ɗaya ba.