Yadda Kakanninmu Suka Raba Jirgi

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ku amsa mana! Ta zo mu ji ta. Yauwa.

Wannan ta gidanmu ce, saboda haka ni kaɗai ke da izinin dariya.

A wani gari a bakin kogi an yi wani tsoho mai 'ya'ya biyu, Barmo da ƙanensa Cindo. Su ne kakanninmu, a wurinsu na gaji wannan basira da kuke gani. Mu a danginmu ba a cutarmu. Ko ƙuliƙuli aka ba mu, sai mun tabbatar an raba daidai.

Tsoho ya rasu, ya bar tabarma da babbar riga da jirgin ruwa, wanda shi kaɗai ne a garin. Gonarsu kuwa tana ƙetaren kogi, dawa ta nuna, saura girbi. Ita ce abincinsu na shekara, ba su da wata.

Hankaka ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan dawar nan. Sai ya zo gaisuwar mutuwa, ya gyara farin ƙirjinsa, ya ce, "Samari, kun raba gado?"

Barmo ya ce, "Sai bayan girbi."

"Bayan girbi? Cindo, ka ji fa. Ni dai ban ce komai ba."

Sai Cindo ya miƙe. "Yaya, yau za a raba!"

Aka ɗauko tabarma, aka tsaga. Kowa ya kwanta, ƙafafu a ƙasa. Hankaka ya ce, "Adalci ke nan."

Aka ɗauko riga, aka tsaga. Kowa ya saka hannu ɗaya, iska na kaɗa masa haƙarƙari. Hankaka ya ce, "Kai, kun yi kyau!"

Sai aka zo kan jirgi. Barmo ya sosa ƙeya, ya ce, "Anya? Mu dai riƙa shiga tare."

Hankaka ya ce, "Tare, amma wa zai riƙe filafilin tuƙi?"

Shi ke nan, aka aika a kawo zarto. Wallahi har gumi suka yi, suna yi wa juna sannu.

Da safe kowa ya tura rabinsa cikin kogi, ya ɗare. Tsulum! Da ƙyar masunta suka jawo su da ƙugiya, ciki fal ruwa. Kafin a sassaƙa wani jirgin, hankaka ya gayyato danginsa kaf. Kakanninmu na zaune a gaɓa suna kallo, aka bar musu kara.

Cindo ya fashe da kuka. "Yaya, bana me za mu ci?"

Barmo ya share hawaye, ya ce, "Oho. Ko ma mene ne, rabi nawa ne."

To kun ji mu. Akwai abin da in aka raba shi kowa ya samu, akwai wanda in aka raba kowa ya rasa, mu har yau ba mu gama bambancewa ba.

Ƙurunƙus, kan hankaka.