Duba-garin Da Ya Koma Ɗan Ga-ruwa

Akwai wani saurayi da aka yi a wani ƙauye na ƙasar Jajaye, can wajen Rogo, sunansa Lurwanu.

Kafin in ci gaba, bari in yi ƙorafina. Shekaranjiya na sa hotona da sabuwar hula, mutum ɗari uku suka taru suna cewa ta fi ƙarfin kaina. Amma in na zauna na rubuto muku abu mai amfani, sai ku karanta ku sulale kamar ba ku zo ba. Na yafe, don hular ta yi mini kyau, ku ma kun sani. To, yau ku nutsu, wannan ba na dariya ba ne.

Lurwanu shi ne ɗan fari a wurin Malam Mijinyawa, manomin dawa da gyaɗa. Kun san kunyar ɗan fari a wancan zamani. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron".

A shekarar 1965 Lurwanu ya gama makaranta, ba abin da yake so kamar ya zama nas. Shi da taubashinsa Bilya, ɗan gwaggonsa na Ƙaraye, suka je Kano aka yi musu intabiyu. Tun kafin sakamako ya fito ya je kasuwar Rogo, ya sa tela ya ɗinka masa farar riga da farin wando. Mutanen ƙauye suka fara kiransa Likita, shi kuma yana amsawa.

Da takarda ta iso, hedimastansu Malam Muntaka ne ya buɗe ta. An ɗauki Bilya. Ba a ɗauki Lurwanu ba.

Malam Muntaka ya ce, "Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka zauna ka jira baɗi ka sake nema, ko ka tafi makarantar duba-gari, suna da gurbi yanzu."

Lurwanu ya ce, "Malam, duba-gari? Masu leƙa randa da masai?"

"Su fa. Ai su ma ma'aikatan lafiya ne."

"Malam, in suka shigo gari, har kaji gudu suke yi."

Malam Muntaka ya yi dariya, ya ce, "To, zauna gida kajin su yi ta kiranka Likita."

Wannan maganar ce ta kai shi Kano. Ya karɓi gurbin duba-gari ba don yana so ba, sai don ba zai iya zama ƙauye yana haɗa ido da mutane ba. Ya ninke fararen kayansa ya sa a ƙasan akwati. Kowace shekara kuma sai ya sake rubuta takardar neman makarantar nas.

Da ya gama, aka ba shi kaki da keke, aka turo shi ƙasarsu, ofishinsu yana Ƙaraye.

A lokacin babu ciwon da ya addabi ƙauyensu kamar kurkunu. Yaran yanzu ba ku san shi ba, ku gode wa Allah. Wata doguwar tsutsa ce fara, mai fasa fata ta fito a ƙafa. Sai an yi makonni ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, in ta tsinke kuwa ƙafar ta kumbura. Kuma ba ta tashi fitowa sai damina ta kankama, daidai noman firi, wato noman farko. Magidanci yana kwance, ciyawa tana cinye masa gona. A damina guda sai ka iske mutum arba'in a kwance, Malam Mijinyawa kuwa kusan duk shekara yana cikinsu.

Mutane sun yi imani a jini yake, kowa da nasa aka haife shi, ruwan farko ne ke tashinsa. Idan ƙafa ta ɗau zafi kamar an ɗora garwashi, abu ɗaya suka sani: mutum ya lallaɓa zuwa tafkin bayan gari, ya tsoma ta a ruwa ya ji sanyi. Tafkin nan kuwa shi ne ruwan shan kowa.

Lurwanu ya koyo a makaranta cewa nan ɓarnar take. Da ƙafar ta taɓa ruwa, tsutsar ke zubar da 'ya'yanta. Wasu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, mutum ya sha ƙwarin, baɗi war haka ta fito masa.

Ya je wurin mai unguwa Ɗanmaliki, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya yi bayani.

Mai unguwa ya ce, "Yaro, tafkin nan kakanka ya sha, ya yi shekara tamanin a duniya."

"Ya yi, ranka ya daɗe. Amma rabin daminarsa a kan tabarma ya yi ta."

"Kai dai an ba ka kaki kana neman inda za ka gwada shi. Ni ba zan hana mai ciwo sanyaya ƙafarsa ba. In kana da wani ruwan, kai musu."

Mai unguwa gatse ya yi. Lurwanu kuwa ya ɗauke ta da gaske.

Da daminar 1968 ta faɗi, ya sayi bokiti da daro uku. Yakan zagaya ƙauyukan aikinsa da sassafe, kafin rana ta take ya dawo bakin tafki. Duk wanda ya zo da ƙafa, sai ya roƙe shi ya zauna can ƙarƙashin kuka, shi ya ɗebo masa ruwa a daro. In an gama ya kai ruwan kan tudu ya zubar, rana ta shanye.

Saura ruwan da ke shiga gidaje. Namiji ba ya shiga cikin matan aure, don haka ya je wurin mahaifiyarsa Hajo. Ya buɗe akwati ya ciro fararen kayan nan da bai taɓa sawa ba.

Ya ce, "Inna, yayyanka su. Kowane gida a ba su ƙyalle ɗaya, su riƙa ɗaurawa a bakin randa suna tace ruwa."

Hajo ta juya rigar a hannunta, ta ce, "Ɗan nan, ka tabbata?"

Sai ya miƙa mata almakashi.

Gari ya ɗauka. Masu wucewa gona suna cewa, "Ga-ruwa! Ɗan boko, nawa ne tulu?" Wata tsohuwa ta ce, "Wasu 'ya'yan sun je Kano sun dawo da allura, namu ya dawo da bokiti." Wasu masu ciwon suna yarda da daro, wasu kuwa su zagaya ta ɗaya gefen su shiga abinsu.

Amma wadda ta fi ƙona masa rai ita ce ranar da ƙafar mahaifinsa ta fashe. Malam Mijinyawa ya zo yana dogara sanda, ya wuce daro ko kallonsa bai yi ba.

Lurwanu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, don Allah kada ka shiga."

Tsohon ya tsaya, ya ce, "Kai ka haife ni?"

Ya shiga ruwan har gwiwa, mutane suna kallo. Mutum biyu da ke zaune da daro suka tashi suka bi shi.

Bayan kwana huɗu sai ga Bilya a kan keke, cikin fararen kaya. Ya gama karatu, an ajiye shi asibitin sha-ka-tafi na Ƙaraye. Ya iske Lurwanu da wando a naɗe, taɓo har ƙwauri.

Ya ce, "Sannu, sarkin ruwa. Kifi nawa aka kama yau?"

Lurwanu ya ce, "Da ka zo jiya da na samu babba, fari fat kamar kayan nan naka."

"Bawana ke nan, bakinka bai mutu ba. Ungo, wanke hannunka tukuna."

Takarda ce daga makarantar nas. An ɗauke shi. Ana son ganinsa ranar Litinin mai zuwa, in ya wuce a ba wani. Kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida.

Lurwanu ya karanta ta sau uku, sannan ya ce, "In na tafi, wa za a turo nan?"

"Wa kuwa? Sai bayan kaka, in ma za a turo."

"Saura wata biyu kurkunun ya lafa. In na bari yanzu, duk abin da na yi ya tafi a banza."

Bilya ya ce, "Ya daɗe da tafiya a banza, mutumina. Mutanen da kawu ma yake gaba wajen ƙi maka? Mu a asibiti, ka naɗe wa mutum tsutsa ɗaya, ya kawo maka zabo yana sa maka albarka. Kai wa ya taɓa ce maka sannu? Aikinka ko ya yi kyau ba wanda zai gani."

Gaskiya Bilya ya faɗa, kuma Lurwanu ya san gaskiya ce. Ni kaina, da kuka san ni da kaifin basira, da a lokacin aka tambaye ni cewa zan yi ya kama hanya.

Ya haɗa kayansa. Ranar Lahadi da hantsi ya yi sallama da Hajo. Ya nemi mahaifinsa aka ce ya fita. Ya ɗora akwati a ka, ya nufi bakin hanya inda akori-kurar Kano ke tsayawa. Hanyar kuwa ta gefen tafki ta bi.

Daga nesa ya hango mutane ƙarƙashin kuka. Da ya matso sai ya ga Malam Mijinyawa zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafa, gumi yana tsiyaya daga goshinsa. Ga daro a gabansa, babu ko ɗigo a ciki. Ruwa yana nan taku goma kacal daga inda yake. A bayansa magidanta bakwai, kowa riƙe da ƙafarsa, sun ga bai shiga ba su ma ba su shiga ba.

Lurwanu ya durƙusa da akwatin a kansa, ya ce, "Baba, barka da hantsi. Yaya ƙafar?"

Tsohon bai dube shi ba. Ya ce, "Da sauƙi. Jiya tsohuwarka ta shimfiɗa mini ƙyallen nan a rana bayan ta tace ruwa. Na ga abin da ya rage a kai. Motsi suke yi."

Ya cije leɓe har zafin ya ɗan lafa.

"Ka ce kada in shiga. Ban shiga ba. Je ka, kada mota ta bar ka. Wani zai zo ya ɗebo mana."

Lurwanu ya duba hanya. Ba kowa, masu lafiya duk suna gona. Can bakin titi akori-kura ta yi oda sau biyu.

Ya sauke akwatin a gindin kuka, ya naɗe wandonsa, ya ɗauki bokiti.

Yana cika daro na uku ya ji motar ta tashi. Bai ɗaga kai ba.

Daga ranar ba wanda ya sake tsoma ƙafa a tafkin, don ba mai son a ce ya yi abin da Malam Mijinyawa ya ƙi yi. Sai dai kurkunu ba ya nuna sakamako sai shekara ta zagayo. Lurwanu ya yi kaka, ya yi rani, bai san ko ya sayar da burinsa a banza ba. Makarantar nas ba ta sake rubuto masa ba. Har ya bar aiki da furfurarsa, kaki ya sa.

Damina ta dawo. Aka yi shuka, aka shiga noman firi. Mako ɗaya, mako biyu, wata guda. Mutum biyar kawai suka kwanta a duk ƙauyen. Malam Mijinyawa ya yi firi ya yi maimai da ƙafafunsa biyu, abin da ya shekara tara bai yi ba.

Bilya ya aiko da saƙo daga Ƙaraye: "Mutanenku fushi suke da mu ne? Bana ko zabo ɗaya ban gani ba."

A ƙauye kuwa ba wanda ya tuna da duba-gari. Wata rana bayan sallar la'asar, dattawa suna zaune ƙofar masallaci, Lurwanu yana can gefe yana ɗaura takalmi. Mai unguwa Ɗanmaliki ya gyara zama ya ce, "Bana kam Allah Ya dube mu. Ciwon nan da kansa ya gaji ya tafi."

Kowa ya ce, "Alhamdu lillahi."

Malam Mijinyawa yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Allah ne, babu shakka."

Ya ja ƙwaya biyu, sannan ya ƙara da cewa, "Amma bokitin, na ga wanda ya ɗauka."

Lurwanu ya daɗe a sunkuye kan takalmin da ya riga ya gama ɗaurawa.

Darasi: In an rufe maka ƙofar da kake so, kada ka raina wadda aka buɗe maka, wataƙila a can ake bukatarka. Mai warkar da ciwo ana ganinsa a gode masa, mai hana ciwo zuwa ba a ganinsa, amma Allah Yana gani. Ku tura wa duk yaron da makaranta ta ƙi ɗauka bana yake ganin rayuwarsa ta ƙare. Ku yaɗa shi don Allah, kada ku sulale mini yadda kuka saba.