Yajin Jego a Tashar Metiro

Akwai wata ɗaliba mai suna Sahadatou, 'yar Maradi, tana karatu a Villeurbanne, gefen Lyon. Tun zuwanta Faransa ba ta taɓa taka Paris ba. Da hutu ya zo sai ta samu tikitin bas mai arha, ta soya dankalinta na guzuri, ta goge rigar da za ta ɗauki hoto gaban hasumiyar Eiffel.

Kun san halinmu, ba a tafiya hannu sake. Labari na isa Vénissieux da ke kusa da su, Hajiya Maimouna, wadda ke ciyar da ita tuwo duk Lahadi, ta kira ta.

"Ɗiyata, Allah ne ya kawo tafiyar nan! Hamida tawa ta haihu a unguwar Belleville, can cikin Paris, gobe suna, ni kuwa gwiwa ta hana. Ga yajin jego, da hannuna na daka. Ga daddawa kaɗan. Kaɗan ce wallahi."

Kaɗan ɗin Hajiya kuwa, sai da Sahadatou ta sa hannu biyu. An naɗe kwalin da salatif kamar mai karaya, an rubuta sunan Moctar mijin Hamida da lambarsa da manyan baƙaƙe.

A cikin bas daddawa ta fara gaisuwa. Wata tsohuwa da ke gefenta ta ja gyale ta rufe hanci tana "oh là là, oh là là". Sahadatou ma ta toshe nata hancin, tana waige-waige kamar tana neman mai laifin.

Da suka isa Paris, Belleville na gabas, hasumiya na yamma. Ta dubi rigarta, ta dubi kwalin.

"Ni da wannan warin cikin 'yan yawon buɗe ido? Jamais, har abada!"

Sai ta yi irin ta tashar gida, inda kake ajiye kayanka ka je ka ci abinci ka dawo ka tarar da abinka. Ta tura kwalin ƙarƙashin benci a tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta ce in ta gama hoto ta dawo ta ɗauka.

Jirginta bai yi nisa ba ya tsaya cik. Lasifika ta ce an ga kayan da ba mai shi, an rufe layin, kowa ya sauka. Ta tuna kwalinta. Ta koma da gudu a ƙasa.

Jama'a, abin da ta tarar! An zagaye bakin tashar da igiya, 'yan sanda ko'ina, ga kare, ga masu kwance bam cikin sulke. Mutane ɗaruruwa a titi suna masifa, wani ya rasa jirginsa, wata ta makara aiki.

Sai aka ji "tas!" daga ƙasa. An fasa kwalin Hajiya, ana zaton bam ne.

Can sai ga 'yan sanda suna haurowa, idanu jajur, wannan na atishawa, wancan na tari, har karen yana murza hanci a ƙasa. Yajin Hajiya ba na wasa ba ne.

Sahadatou ta ja baya. Ta so ta sulale, sai ta hango wani mutum cikin farar shadda ta suna, 'yan sanda biyu na yi masa tambayoyi. Moctar ne. Lambarsa suka gani a jikin kwalin, suka taso shi daga cikin baƙinsa.

"Wallahi, Monsieur, ban san komai ba! Suna nake yi, suna! Bébé!" Yana gwada jariri da hannu.

Nan ƙafarta ta ƙi gudu. Ta matso ta ce: "C'est moi. Ni na ajiye."

A ofishin 'yan sanda suka wuni su biyu. Aka raɗa wa yarinya suna uban ba ya nan. Da aka sake su, Moctar bai zage ta ba, bai ma dube ta ba, ya dai ce: "Taho, ki gaida mai jego."

Hamida na zaune da jaririyar a cinya. Ta saurari komai har ƙarshe, sannan ta ce a hankali:

"Warin ne ya ba ki kunya? Inna da ciwon gwiwarta ta tsaya a turmi ta daka shi."

Kafin Sahadatou ta buɗe baki, salula ta yi ƙara. Muryar Hajiya ta cika ɗakin, cike da murna:

"Hamida, saƙona ya iso? Kin ɗanɗana? Ya yi yaji ko?"

Hamida ta miƙa wa Sahadatou wayar.

"Inna, ga 'yar aikenki. Ta gaya miki da bakinta."

Darasi: In ka karɓi saƙo, ka kai shi kafin ka kai kanka yawo, in ba za ka iya ba ka ce a'a tun a gida. Kuma mai jin kunyar abin gidansu gaban baƙi, kunyar da ta fi ta tana jiran sa a gaba. Ku tura wa duk wanda ke shirin tafiya da kwalin wani a hannunsa.