Ɓerayen da Suka Yi Birgima a Toka

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

Wasu jajayen ɓeraye ne, kullum Shaho na rage su. Sai suka lura tsohuwa Gafiya, mai ruwan toka, har ta ga tattaɓa-kunne.

Babbansu, sarkin gaggawa, ya ce, "Asirin a launin gashi yake."

Suka yi birgima a toka, suka fito kan jar ƙasa suna taƙama. Shaho ya hango su sarai, ya kawo sura. Da ƙyar suka faɗa ramin Gafiya, babban ba wutsiya.

Ya ce, "Iya, mun yi launinki, bai hana ba."

Gafiya ta yi dariya har da tari. "'Ya'yan nan, ai furfura ce. Zaman rami ya kawo ni gare ta."

Ƙurunƙus, kan ɓera mai guntun bindi.