Tsiron da Ya Ƙoshi da Gaisuwa

An ce wani sarki ya yi mulki a wata ƙasa mai zafin rana da ƙarancin ruwa, inda in an ba baƙo ruwa an gama yi masa karamci. Wata shekara fatake suka kawo masa wani ɗan tsiro daga bayan teku, suka ce sunansa agabe. Bai fi faifai faɗi ba, ganyensa masu kauri, shuɗi-shuɗi, sun jeru a zagaye, kowanne da ƙaya a tsininsa. Sarki ya ƙwallafa rai a kansa, ya sa aka dasa shi a ƙofar zauren fadanci, ya ce: "Wanda duk ke ƙaunata ya ƙaunaci baƙona."

To, fadawa ba a gaya musu magana sau biyu. Washegari kowa ya zo da butarsa. Kafin ya faɗi gaban sarki sai ya tsiyaya wa tsiron ruwa, yana tsiyayawa yana satar kallo ko sarki ya gani. Abu ya zama al'ada, har masu kawo ƙara ba sa shiga sai sun zuba nasu.

Waziri Hambali kaɗai ne ba ya zubawa. Ba don ya san kan shuka ba, mutumin da ba ya bambance gero da dawa sai sun zama tuwo. Abin da ya faru shi ne, ranar farko ya sunkuya zai yaba tsiron, ƙaya ta soke shi a tsinin hanci, fada ta fashe da dariya, shi kuwa ya ƙullaci abin. Tun daga nan in zai wuce sai ya tattare rigarsa ya kau da kai.

Ana nan sai ganye ya fara rawaya, ya yi laushi, har wari ya soma tashi. Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Fadawa suka ce: "Allah ya ba ka nasara, ƙishirwa ce. Kowa yana zubawa, sai mutum ɗaya."

Sarki ya dubi waziri ya ce: "Ka ƙi baƙona, ka ƙi ni. Gobe a gaban jama'a zan tuɓe rawaninka, ka bar mini ƙasa."

Waziri ya fita cike da tsoro. Ya nufi wurin Malam Gwadabe, wani tsoho mai hikima da ya sha yawon duniya, ya kwashe labari ya gaya masa, har da zancen hanci. Malam ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce: "Je ka, gobe kada ka riƙo komai."

Da fada ta cika, Malam ya tsaya gaban tsiron, ya kafa sandarsa a gindinsa. Sanda ta nutse, ta fito da taɓo. Ya ce: "Ya sarki, wanne ya fi kisa, gabar mutum ɗaya ko ƙaunar jama'a?"

Sarki ya ce: "Ƙauna ba ta kisa."

"To, ya sarki, ka yarda yau a gaishe ka yadda ake gaishe da baƙonka. Kowa ya kawo moɗa, ka shanye."

Sarki ya yarda, don rana ta yi zafi. Ya sha ta farko ya yi hamdala. Ya sha ta biyu ya yi murmushi. Can sai ya fara nishi, ya sassauta mazagi a ɓoye, ya leƙa ya ga layin fadawa har waje, wasu ma da suka riga suka bayar sun koma baya sun ƙaro. Sai ga Waziri Hambali ya iso, hannu babu komai.

Sarki ya rungume shi ya ce: "Allah ya yi maka albarka!" Sannan ya tattare alkyabba ya ruga bayan gida.

Da ya dawo, Malam ya ce: "Ya sarki, kai kana da ƙafar kewayawa. Baƙonka ba shi da ita."

Aka tone tsiron, aka tarar saiwa ta ruɓe. Amma a gefe, wajen da waziri ke wucewa, inda ruwa bai cika kaiwa ba, wani ɗan reshe ya tsiro lafiya lau. Malam ya ce a dasa shi kan tudun tsakuwa da rairayi, a bar shi cikin rana, kada a ba shi ruwa sai ƙasa ta bushe ƙayau.

Sarki ya ce: "Wa zan ba amanarsa?"

Malam ya ce: "Wanda ba ya son ganinsa."

Haka Waziri Hambali ya tsira da rawaninsa, ya kuma zama mai kula da abin da ya fi tsana a duniya. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, wato bai kula shi ba, tsiro kuwa ya yi ta kyau.

Sarki ya ji kunya, ya faɗa a gaban jama'a: "Na kusa korar mutum don ya saɓa wa taro, alhali taron ne ya yi ɓarna. Adalci shi ne a tona a ga saiwa kafin a tuɓe rawani."