Ƙofar da Shebur ke Tsallakewa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a garin nan namu na bakin tafki. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma wasunku sun sha wuce shi a shagon burodi. Ubansa kam kun san shi, Casimir, wanda ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar narka ƙarfe har ta rufe.

Kun san al'adarmu. Idan ƙungiyar ƙwallon garin, irin ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, ta kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale, sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta binne kujerun fili, sai a yi shela gari ya fito da shebur. Casimir bai taɓa fashi ba. Tun mutumin nan yana ƙarami uban ke tasa shi a gaba su kwashe ƙanƙarar layin kujerunsu tas, sannan su zauna a bayan mota su ci fukafukan kaji. Ƙungiyar ba ta taɓa cin gasa ba, kullum sai an zo dab da ƙarshe a yi waje da ita. Casimir sai ya ɗaga kofin takardar da yake shan abin zafi a ciki ya ce, “Mu dai ga kofinmu, baɗi ma shekara ce.” Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga ranar da za su ci, ɗansa na zaune a gefensa.

Ɗan ya yi karatu, ya iya baki, ya yi ta hawa har ya zama shugaban ƙungiyar. Bai taɓa sa hular kwano ba, bai taɓa rungumar ƙwallo ya ruga ƙarti na bin sa ba, amma albashinsa ya fi na yaran da ke karya gwiwa a fili. Ban ce albashi haramun ne ba. Abin da zuciya ke yi idan ta ɗanɗana shi, shi nake jiye mana tsoro.

Masu ƙungiyar suka kira shi gefe. Akwai wani birni a kudu, in ji su, mai attajirai da fili mai rufi. In ya san yadda ya yi ya mayar da ƙungiyar can, tukuicinsa zai ninka abin da yake samu. Ya sa hannu a ɓoye, ya fito gidan rediyo ya rantse cewa ƙungiya ba inda za ta.

A hunturun nan sai ga ƙungiya ta kai sili-ɗaya-ƙwale, kuma wasan a gida. Gari ya ruɗe. Aka shafa wa tagogi launin ƙungiya, tsofaffi suka zaro rigunan da suka koɗe. Ƙanƙara ta zuba, aka yi shela, mutane suka fito. Shi kuwa yana sama a ɗakin gilashi, cikin ɗumi, yana kallon su. Can ya hango ubansa, baya ya ranƙwafa, yana kwashe layinsu na da. Tsohon ya ɗago, ya gan shi, ya ɗaga shebur yana yafito shi. Zuciyarsa ta ce ya sauka. Amma da wane ido zai tsaya kusa da mutumin da ke share filin da shi ya riga ya sayar? Sai ya yi kamar waya ta shigo, ya juya baya.

Sun ci wasan ranar, aka fitar da su a na gaba. Ba a daɗe ba labarin ƙaurar ƙungiyar ya fashe.

Ya je gidan uban da albishir, wai ya saya masa gida a birnin kudu. “Baba, can ba sanyi,” ya ce. “Filin ma rufe yake, ba mai ɗaukar shebur.”

Casimir ya dube shi. “Ranar da na yafito ka, ka riga ka sa hannu?”

Ya sunkuyar da kai.

“To. Ashe filin mutane na share. Tashi ka tafi, ranka ya daɗe, kada jirgi ya bar ka.”

Ya tafi, ya 'yan uwa, yana cewa a ransa fushin tsoho ne, zai huce. Abin mamaki, a sabon birnin ƙungiya ta ci gasa. Yana tsaye a ɗakin gilashi tare da baƙin da rabinsu ke duba waya, takardu masu ƙyalli na zuba daga sama, sai ya waiga dama, inda ubansa ya saba zama. Ya buga waya gida. Ƙanwarsa Loretta ta ɗauka, ta ce Baba bai kunna talabijin ba, yana waje yana share wa maƙwabcinsu Otis ƙofa. Ya roƙe ta ta kira shi. Ta je ta dawo, ta ce ya ce hannunsa da aiki.

Daga nan kewa ta kama shi. Rana na ƙwallewa a birnin, shi kuwa sanyin gida yake so, da ƙanshin kaji a bayan mota, da muryar da ke cewa baɗi ma shekara ce. Duk hunturu sai ya ce bana zai je ya durƙusa. Taro ya hana, kunya ta hana. Ya ɗauka tsohon zai yi ta jiransa kamar yadda ya jira kofi. Casimir ya rasu bai ce masa ya yafe ba.

Masu ƙungiyar kuma suka sami wani mai jini a jika, suka sallame shi da murmushi. Kuna jira in ce ya talauce? Bai talauce ba. Ya dawo garin nan da dukiyarsa, ya tare a gidan ubansa, don nan ne kaɗai yake iya barci.

Kun san unguwar, in ƙanƙara ta kwana tana zuba maƙwabta sukan bi gida-gida suna share wa juna. Safiyar farko ya ji ƙarar shebur daga bakin layi, tana matsowa. Ya ɗora ruwan zafi, ya jera kofuna, ya tsaya a bayan ƙofa kamar yaro. Ƙarar ta iso shingensa ta tsaya. Jim kaɗan ta ci gaba a gidan gaba. Ya leƙa ya ga Otis da 'ya'yansa. Otis ya taɓa hularsa ya ce, “Barka da asuba, shugaba. Mun ji kai ba ka bukatar shebur.”

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya jefe shi. Har yau haka ake yi, kuma har yau yana jera kofunan.

Ya 'yan uwa, kwaɗayi ne ya ja shi ga ƙarya, ƙarya ta hana shi sauka daga bene, kunya ta riƙe shi har aka rufe kabari. Me tukuicin ya saya masa? Wa zai sayar masa da yafiyar uba yanzu? Duk wanda a cikinku ke da tsoho a ƙasa yana yafito shi, ya ajiye wayar ya sauka yau, tun hannun na iya ɗaguwa.

Allah ya kiyaye mu daga arzikin da zai raba mu da iyayenmu, ya sa kada maƙwabta su tsallake ƙofarmu. Amin.