Yadda Kurege Ya Hau Saman Bincikau

Ga ta nan, ku gyara zama ku karɓa.

A shekarar da sabis ya shigo daji, kowace dabba ta yi waya, har Kunkuru, wanda yakan yi kwana biyu kafin ya amsa saƙo. In dabba tana neman wani abu sai ta tambayi injin binciken daji, wanda ake kira Bincikau, shi kuma ya jero mata shafuka, na kirki a sama, tarkace a can ƙasa.

Ana nan sai Alhaji Raƙumi, babban dillalin gyaɗa, ya yi shela cewa duk shafin da ya fi samun baƙi kafin ranar kasuwa, a nan zai sa tallarsa, ladan mai shafin kuwa buhun gyaɗa cur. Kurege ya ji wannan magana har cikin hanjinsa, don rani ya yi nisa, rumbunsa kuma ko ɓera ya daina leƙawa. Nan take ya buɗe bulog, wato shafin kansa, ya sa masa suna Dandalin Kurege. Kwana uku baƙinsa biyu ne, shi kansa da wani ƙuda da ya sauka a gilashin wayar. Da ya nemi kansa a Bincikau, sai a shafi na tara ya tsinci kansa, inda ko mai neman ɓatacciyar akuya ba ya kaiwa. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai.

Da gari ya waye sai ya tafi gindin kukar da ake cajin waya, ya kwanta kamar mai barci, ido ɗaya a buɗe, yana leƙen abin da kowa ke tambaya. Giwa tana neman maganin ƙaiƙayin baya. Zomo yana tambayar inda Kura ta kwana. Ita kuwa Kura, safe da yamma magana ɗaya take rubutawa: nama kusa da ni. Kurege ya kwashe waɗannan kalmomi kaf, ya zuba su a ƙasan shafinsa sau ɗari-ɗari, da farin rubutu a kan farin fili, yadda ido ba zai gani ba amma Bincikau zai gani. Ya ƙara da “mai taushi” da “kyauta” don abin ya yi armashi. Kafin la'asar ya tashi daga shafi na tara zuwa na uku.

Ya kaɗa wutsiya ya ce, “Ni ne Kurege! Inji ma sai da na koya masa karatu!”

Da gari ya waye ya tuna Bincikau yana girmama wanda manya suka nuna. Shafin Giwa kuwa shi ne babba a dajin. Sai ya shafa toka a gemu, ya ɗaura tabaron kara, ya je ya yi sallama da sunan Dakta daga birni. Ya ce ya ji Hajiya tana fama da baya, maganin kuma yana shafin wani bawan Allah, amma ba ya ci sai ta sa mahaɗin shafin a nata. Giwa, da ƙaiƙayi ya hana ta sakat, ta sa. Maganin da ta tarar a can kuwa, dakakken barkono ne da toka, a shafa sau uku a rana. Baƙi suka yi ta kwararowa, Kurege ya zama na biyu. Ya zauna ya rubuta wa kansa yabo da sunaye goma sha biyu, kowanne da taurari biyar.

Saura mataki ɗaya, gobe kuma kasuwa. A nan ne ya gano Bincikau yana fifita shafin da ke da adireshi. Zumuɗi ya ɗebe shi, ya dasa alamar raminsa a taswira, ya ɗauki hoton ƙofar, ya rubuta a ƙasa cewa a buɗe suke kullum.

Da gari ya waye, ga Dandalin Kurege a sama, na ɗaya. Yana cikin rawa sai ya ji takun ƙafa, da muryar waya tana cewa a juya dama, an iso. Ya ɗauka Alhaji Raƙumi ne da buhu, ya fito da gudu yana marhabin. Kura ya gani, yawu na zuba, ta miƙo masa wayarta.

Ta ce, “Nan aka ce akwai nama mai taushi, kyauta, kusa da ni.”

Kurege ya ja da baya. Ya ce, “Ranki ya daɗe, ai naman ya ƙare tun jiya. Yau ma ba mu buɗe ba.”

“A buɗe kuke kullum, ga shi a rubuce. Mutum goma sha biyu sun ci sun yaba.” Ta dube shi sama da ƙasa. “Ba yawa, amma da alamar taushi.”

Ya yi tsalle zai faɗa rami, ta cafke wutsiyar. Ya fizge da kyar, ya bar mata rabin gashin a baki. Bai gama numfashi ba sai ƙasa ta hau girgiza. Giwa ce, bayanta ya yi jawur, ita ma taswirar ta biyo tana neman Dakta. Taku ɗaya ta yi ramin ya rufta, Kurege ya fice ta ƙofar baya da ƙulu a goshi. Da Alhaji Raƙumi ya iso bai ga mai shafi ba, bai ga ƙofa ba, sai ya sauke wa Giwa buhun, tunda ita ce ta biyu.

Kurege bai tsaya ba sai a kan wani suri mai nisa. Yunwa na cinsa, wutsiya na zafi, ya ciro fasasshiyar wayarsa ya duba, ya ga har yanzu shi ne a sama. Sai ya ɗaga murya yadda duk dajin zai ji.

“Ku ci gyaɗarku! Wane mai shafi ne a dajin nan baƙinsa suka taɓa zuwa har gida da ƙafarsu?”

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan guntuwar wutsiyar Kurege.